Fuskar Yayana a Dapaong

Na tsufa yanzu, abubuwa da yawa sun zube daga kaina. Sai jikana ya gaishe ni in tsaya ina lalube a kan ɗan wane ne. Amma akwai wata damina da na yi a wani ƙauye kusa da Dapaong, zamanin da Faransawa ke riƙe da ƙasar nan, wadda na tabbata har ranar da za a kai ni makwancina ba za ta fita daga raina ba.

Mu biyu mahaifiyarmu ta raya, ni da yayana. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, waɗanda aka haifa a tsakaninmu duk sun koma tun suna goye. Shi fataucin shanu ya gada wurin mahaifinmu. Yakan tafi arewa ya sayo, ya koro su garinmu Sokodé ya sayar wa mahauta. Ni kuwa allura na kama, ina aikin wuyan riga da hula a wata 'yar rumfa a zango. Kowa a gida Auta yake ce mini, har bayan na yi gemu.

Yaya mutum ne da ba a karanta fuskarsa. In ciniki ya yi kyau, haka take. In ciwo ya shiga garke ya kashe masa rabi, haka take. Ba ya fara'a sosai, ba ya ɗaure fuska sosai, maganarsa kuma ba ta wuce abin da ya zama dole. Ni akasinsa ne. Abin da ke cikina duk yana kan goshina, ɗan yaro ma ya kalle ni ya san yau na tashi lafiya ko ban tashi ba. Kuma a wancan lokacin na ɗauka duk wanda ba haka yake ba, to ba ya jin komai.

Da Inna ta rasu yana kan hanya. Sai bayan kwana tara ya iso, ni na tare shi a zaure na faɗa masa. Ya yi salati a hankali, ya tambayi wanda ya yi mata salla, ya ce in raka shi kabarin. Muka je ya yi addu'a, muka dawo. Ina ta satar kallonsa ko zan ga wani abu ya motsa, ban gani ba. Washegari aka ce mini an gan shi a kara yana duba haƙoran wani bijimi.

Na haɗiye wannan har ranar sadakar arba'in. A ranar, gaban dangi da maƙwabta, ya ce gobe zai koma arewa, ya bar shanu a hannun mutane. Sai abin da na daɗe ina dannewa ya ɓalle.

Na ce, "Yaya, wai kai wace irin halitta ce? Matar da ta haife ka ta mutu, ko ɗigon hawaye ban gani a idonka ba. Fuskarka da katakon ƙofar nan duk ɗaya. Da ma can ba ka damu da ita ba, shanunka ka sani."

Yaya ya dube ni, sannan ya ce, "Ka gama, Auta?"

Na ce na gama.

Ya ce, "To, Allah ya ba mu haƙuri."

Da asuba ya tafi. Ban fito na yi masa sallama ba, ina kwance ina jin takunsa har ya fita.

Wata biyar bayan haka, ruwa ya fara sauka, wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ya zo rumfata yana tambayar ƙanen mai shanu. Ya ce yayana ya yanke jiki ya faɗi a wani ƙauye bayan Dapaong, rabin jikinsa ya shanye, bakinsa ya rufe. Matarsa tana da tsohon ciki a lokacin, ga ƙananan yara uku, don haka ni na ɗaure kayana. Na karɓi takardar izinin tafiya a ofishin kumandan, Bafaranshen da ke mulkin garin, na hau bayan motar a kan buhunan gishiri. Mun kwana biyu kafin mu kai garin Mango saboda taɓo. A nan muka tarar kogin Oti ya fara cika, da ƙyar masu kwalekwale suka yarda suka haye da mu. Wanda ya tuƙa ni ya ce, "In kana da niyyar dawowa, ka dawo cikin kwana uku. In ka wuce haka sai kaka."

Ƙauyen na ƙabilar Mobawa ne, tafiyar kamar awa ɗaya da ƙafa daga Dapaong. Gidan da yayana yake kwance na wani dattijo ne da yake bar wa shanunsa duk shekara. Ɗakuna ne zagayayyu da katanga ta haɗe su, ga wata babbar kuka a ƙofar gida, zabi suna ta kai da kawowa. Dattijon ya tare ni. Dogo ne siriri, yana da tsage a kumatu, haƙoransa na gaba sun zube. Na yi masa sallama da Hausa, ya amsa da yarensu. Na gwada Kotokolanci, yaren mutanen Sokodé, ya girgiza kai. Sai kawai ya kama hannuna ya ja ni zuwa wani ɗaki.

Yaya na kwance a kan tabarma, an tokare bayansa da buhun ƙaiƙayi. Ya rame har na ga ƙasusuwan wuyansa. Ɓarin fuskarsa na dama ya zazzago, bakin ya karkace, ɗaya ɓarin kuma ya tsaya cak. Na durƙusa na ce, "Yaya, ni ne, Auta." Idonsa ya sauka a kaina, ya tsaya. Shi ke nan. Ban ga murna ba, ban ga fushi ba, ban ma ga alamar ya san ni ba. Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne maganar da na yi a zaure. Na ce fuskarsa katako ce, ga shi yanzu ta zama katakon. Na tashi na fita bayan ɗaki.

Washegari na je Dapaong na samo malamin asibiti. Ya zo a kan keke, ya ɗaga hannun Yaya ya sake shi ya faɗi, ya leƙa idonsa, ya ce babu allurar da ke maganin wannan. Ya kuma ce in na ɗora shi a mota a kan wannan hanya, gawa zan sauke. Na je zango wurin 'yan'uwanmu Hausawa, na tarar yawancin fatake sun watse kafin ruwa ya rufe hanya, sai tsofaffi kaɗan da mahauta biyu. Sun yi mini jaje, sun yi addu'a, amma kowa da abin da ke gabansa. Kafin in yanke shawara kwana uku sun wuce, kogi ya rufe.

Haka na zauna. Ban taɓa sanin kaɗaici ba sai a gidan nan, alhali cike yake da mutane. Da safe su fita gona, mata su dawo da rana su yi daka, yara su yi ta wasa, ana hira ana dariya, ni ko kalma ɗaya ba na tsinta. In na yi salla su tsaya nesa su yi shiru har in sallame. Sun lura ba na taɓa abin da aka dafa a tukunyarsu, sai ga matar gidan ta kawo sabuwar tukunya ta ajiye a gabana, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa don in ji ba a taɓa ɗora ta a wuta ba. Mutanen kirki ne. Amma mutum yana buƙatar wanda zai ce masa ina kwana ya amsa da harshen da ya sha a nono. Mutum ɗaya tak da ke jin wannan harshe a gidan yana kwance, ba ya ce da ni komai.

Kullum nakan wanke shi, in juya shi, in ba shi kunu da ludayi, rabi ya shiga rabi ya zubo ta gefen baki. Sai in zauna in yi ta yi masa magana. Na ba shi labarin gida, na ba shi labarin kasuwa. Sau da yawa nakan ɗauko maganar zaure in ce, "Yaya, abin da na faɗa ranar nan," sai in dubi fuskar in kasa ƙarasawa. Ina amfanin roƙon gafara wurin wanda ba ka san ko yana ciki ba? Wani lokaci kuma zuciyata ta ce mini yana ciki sarai, yana ji, ya dai ƙi ni ne. Wannan tunanin ya fi na farkon ciwo.

Don kada in haukace na ɗauko allura. Na zo da ƙyalle da zare kala-kala, na fara hula ina zaune a bakin ƙofa, ruwa na zuba. Ban shirya zane ba, hannuna kawai na bi. Wata rana dattijon ya tsuguna kusa da ni ya karɓi hular yana jujjuyawa. Sai a lokacin na lura cewa ja da kore da rawaya duk suna nan a ƙulle ban taɓa su ba, baƙi da shuɗi mai duhu kawai nake ta sakawa, ɗinkin kuma ya matse har ƙyallen ya tattare. Dattijon ya shafa wurin da ya tattare da babban yatsa. Ya dube ni, ya tattare nasa goshin daidai yadda ƙyallen ya yi, sannan ya dafa ƙirjina da tafin hannu. Wata guda ke nan ba wanda ya ce da ni sannu da na fahimta, sai wannan. Da na gama hular shi na ba, ya kafa ta a kai ko gona zai je.

Shi ne kuma ya fara koya mini kallo. Wata safiya ina ba Yaya kunu, dattijon ya shigo ya riƙe hannuna. Ya nuna mini idon Yaya na hagu, ya nuna nasa, ya runtse shi kaɗan, ya yamutsa hanci kamar wanda ya ƙoshi. Na duba da kyau. Ashe fatar idon tana ɗan saukowa in ya gaji da kunun. In yana son ruwa, idon yakan gangara wajen tulu ya dawo. In an juya shi ta ɓarin da ke masa ciwo, wata 'yar jijiya a gefen goshinsa takan tashi. Duk waɗannan suna nan tun ranar da na zo. Dattijon da ba su haɗa jini ba ya gan su, ni da muka fito ciki ɗaya ban gani ba, don ni babban abu nake jira, kuka ko murmushi.

Na samu sauƙi da wannan, amma bai amsa tambayar da ke cina ba. Na san yanzu yana jin ƙishirwa. Ban san ko yana jin haushina ba.

Ranar da abin ya faru, wata la'asar ce bayan an ɗauke ruwa. Ƙasa na ƙamshi, rana ta fito fes. Muka ɗauko Yaya ni da dattijon muka jingina shi da gindin kukar nan don ya sha iska. 'Yar dattijon da ke aure a Dapaong ta zo ganin gida a ranar. Tana sayar da daddawa a kasuwa, ta tsinci Hausar ciniki, irin wadda ba ta raba mace da namiji. Tana zaune tana tsince gyaɗa. Dattijon ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan goge na ƙwarya mai tsirkiya ɗaya. Na sha ganinsa rataye, ban taɓa jin ya kaɗa ba. Ya goga, ya gyara, ya yi wasu kiɗe-kiɗensu da ban sani ba. Ina ɗinki ban ma ɗaga kai ba.

Can sai ya sauya kiɗa. Allurar ta tsaya a hannuna. Na ɗago kai tun kafin in gane dalili. Waƙar Inna ce. Waƙar da takan yi in tana kaɗi, ta zauna a kan tabarma da mazarinta da alli a yatsa. Ba waƙar gari ba ce, ita ta ƙaga abarta, ban taɓa jin ta a bakin kowa ba sai ita. Ga ta tana fitowa daga ƙwaryar wani tsoho Bamobe da bai taɓa taka Sokodé ba.

Na miƙe tsaye na ce da 'yar, "Tambaye shi, ina ya samo wannan?"

Ta tambaye shi. Ya ajiye gogen a cinya ya yi magana mai tsawo yana nuna gindin kukar. Ta juyo ta ce, "Baba ya ce, wurin yayanka. Da ya dawo wannan zuwa, ya ce uwarku ya mutu. Kullum yamma, in shanu ya shiga, shi zauna nan, nan wurin da yake yanzu. Shi juya baya ga gida, shi yi wannan waƙa. Shi yi kuka, shi yi kuka, har riga ya jiƙe. Baba ya hana yara su zo nan. Wata biyar, kullum. Baba ya ji har ya iya."

Na ce, "Yayana? Kuka?"

Ta ce, "Baba ya ce bai taɓa ganin babban mutum ya yi kuka haka ba. In ya gama shi wanke ido, shi shigo gida kamar ba komai."

Na zauna a ƙasa cikin laima. Dattijon ya ɗauki gogen ya ci gaba, a hankali. Sai na ji wata murya a bayana, kamar gurnani, kamar nishi. Na juya. Yaya ne. Maƙogwaronsa na motsi, yana bin kiɗan. Da farko sauti ne kawai. Da dattijon ya zagayo farkon waƙar, sai kalmomi suka fito daga bakin nan da ya karkace, bakin da wata biyu bai iya cewa ruwa ba. Suna fitowa a tauye, amma na ji su ɗaya bayan ɗaya:

"Juya, mazarina, juya. Babba ya bi hanya, Allah maido mini shi. Auta na gefena, Allah bar mini shi."

Da ya zo kan Auta idonsa na hagu yana kaina, hawaye na gangarowa daga shi kaɗai. Na rarrafa na kifa kaina a gwiwarsa. Abin da na kasa faɗa wata biyu ya fito gaba ɗaya. Na ce, "Yaya, na zalunce ka. Na faɗi abin da ban sani ba a gaban mutane. Don Allah ka yafe mini."

Ya buɗe baki zai yi magana, ba abin da ya fito. Waƙar ce kawai ke da hanya, magana ba ta da ita. Ya gwada har jijiyar wuyansa ta tashi, ya haƙura. Sai na ji hannunsa na hagu, mai lafiyar, yana lalube a kaina. Ya sami kunnena ya kama, ya ɗan ja, ya girgiza sau biyu, ya sake. Haka yake mini ina yaro in na yi ɓarna ya gama faɗa, ma'anarsa tashi ka tafi, ya wuce. Na ɗago na dubi fuskarsa. Wanda bai sani ba zai ce ba abin da ya sauya. Ni na ga gefen idon ya ɗan tattare, kuma na san murmushi ne.

Bayan wannan rana mun samu kamar mako uku. Kullum la'asar in ba ruwa mukan fito gindin kuka, dattijon ya kaɗa, Yaya ya bi, ni ma in bi. Bai ƙara furta kalma ba sai a cikin waƙar. Amma na daina jin ni kaɗai ne a ɗakin. Nakan ba shi labari in ga inda ya ba shi dariya da inda ya gundure shi.

Wata safiya bayan na ba shi ruwa numfashinsa ya sauya. Na yi ta maimaita masa kalmar shahada a kunne, leɓensa na motsi, kafin hantsi rai ya yi halinsa. Mutanen zango su shida suka zo muka yi masa sutura. Da muka ɗauke shi, na hango dattijon a bakin katanga da gogensa a hammata. A al'adarsu da kiɗa ake raka mamaci. Ya dube ni yana tambaya da ido. Na girgiza kai a hankali. Ya sunkuyar da kai, ya miƙa wa matarsa gogen, ya biyo mu daga nesa hannu sake. Ya tsaya can gefe har muka gama, da ya ga kowa na zuba ƙasa shi ma ya matso ya zuba tasa.

Kwana goma bayan haka aka ce kogi ya janye. Dattijon ya raka ni har bakin babbar hanya. Muka tsaya muna kallon juna, ba ni da kalmar da zan ba shi, shi ma ba shi da ita. Ya riƙe hannuna da nasa biyu ya daɗe bai saki ba. Ban sake ganinsa ba. Da na samu komawa bayan shekara huɗu, 'yarsa ta ce mini ya rasu.

Na iso Sokodé ni kaɗai, na tarar matar Yaya ta haifi namiji. Bayan an natsa na ba ta labarin gindin kuka, ina tsammanin za ta yi mamaki. Ba ta yi ba. Ta ce, "Ai ni na sani, Auta. Kwanakin zaman makokin Inna, tuwo yake dawo mini da shi an ɗan taɓa gefe. Kuma in ya shigo kafaɗunsa nake kallo, ba fuskarsa ba. Ranar da ka yi masa maganar nan na so in tare ka, na ga ba hurumina ba ne a gaban maza."

Na rayu shekaru masu yawa bayan wannan, na je gidajen makoki ba adadi. Har yau in na ji wani yana raɗa cewa dubi wance ko wane, ko kuka bai yi ba, sai in matsa kusa in ce masa ya yi shiru, bai san inda mutumin yake zuwa shi kaɗai ba. Abin da daminar nan ta koya mini ke nan. Kowa yana da ƙofar da abin da ke ransa yake fita, wani ta ido, wani ta waƙa, wani ta aikin hannunsa, wani kuma sai ya juya wa duniya baya tukuna. In ka duba fuskar ɗan'uwanka ba ka ga komai ba, kada ka yi saurin cewa ba komai a ciki. Ka ƙara zama kusa da shi, ka ƙara kallo, ka riƙe bakinka. Ni na samu mako uku na gyara abin da na ɓata, kuma ba kowa Allah yake ba wannan ba.